Sunanka na Yanka, Sunan Kasuwanci ko Kamfani: Da Wanne Mai Aikin Ƙashin Kansa Zai Fuskanci Haraji?

Wani ƙanena ne ya same ni wata Asabar bayan la'asar, ko zama bai gama yi ba ya miƙo mini waya. "Yaya, dubi nan. Kamfani zan buɗe. An ce yanzu ƙaramin kamfani ko sisi ba ya biya na haraji." Sana'arsa gina shafukan intanet da zanen tambari. Daga ɗakinsa a nan Kano yake yi wa mutanen Abuja da Legas aiki, wani lokaci har Turawa ta Upwork, shafin da ake samun aiki ta intanet. Wani ejan ya riga ya yanka masa kuɗin rajista, abin da ya rage kawai ya tura lambar katin ɗan ƙasa da hoto. Na ce ya ajiye wayar tukuna, na tambaye shi abu uku: su wa ke biyansa, nawa ne ya shigo masa bara gaba ɗaya, kuma in aiki ya ɓaci a hannunsa asarar nawa za a iya bin sa. Ta farko kaɗai ya iya amsawa.

Ni fassara nake yi, ba ni da ubangida sai wanda ya kawo aiki, kuma cikin hanyoyi ukun da doka ta buɗe wa irinmu a Najeriya na bi biyu da ƙafata. Mutum zai iya aiki da sunansa na yanka ba tare da wata rajista ba. Zai iya yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a ba shi lamba mai farawa da BN. Zai kuma iya kafa kamfani sosai, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Ltd, a ba shi lambar RC. Yawancin mutane suna ɗaukar waɗannan kamar matakala, wai na uku ya fi na biyu daraja, na biyu ya fi na farko. A wurin haraji ba haka lissafin yake ba. Na farko da na biyu a idon mai karɓar haraji mutum ɗaya ne, na ukun ne kawai wani mahaluƙi dabam.

Wanda ke aiki da sunansa bai karya wata doka ba. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda aka sabunta a 2020, ba ta tilasta rajista ga wanda ke kasuwanci da ainihin sunansa da na mahaifinsa ko na danginsa ba, matuƙar bai ƙara wata kalma a kai ba. Da zarar ka liƙa wa sunan wani abu, ka ce wane da 'ya'yansa, ko wane dijital, ko ka ƙirƙiro suna na daban ka buga a kati, to ka shiga sahun waɗanda doka ta ba kwana 28 daga fara harka su yi rajista. Kuskuren da ake yi shi ne a zaci rashin rajista a CAC na nufin babu haraji. Haraji a kan abin da ka samu yake, ba a kan takardar rajista ba. Mai aikin kansa yana biyan harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune: KIRS in a Kano yake, KADIRS a Kaduna, FCT-IRS a Abuja. Ma'aikacin gwamnati ko na banki tun kafin albashi ya iso hannunsa an cire nasa. Kai babu mai cire maka, kai za ka zauna ka yi lissafin shekarar da ta wuce ka miƙa kafin 31 ga Maris.

Mu a Arewa kalmar haraji tana da tsohon ɗaci. Iyayenmu sun ga lokacin da ake bin mutum gida-gida, ana ƙirga shanu don jangali, har gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu a 1979. Wancan kuɗin kai ne, mai shi da marar shi duk a wuyansu yake. Na yanzu da riba yake tafiya. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar tara harajin tarayya ta FIRS kuma ta koma NRS. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya da kowa ke samu an soke shi. A madadinsa mai zaman haya yana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, iyaka naira 500,000. Wanda ke zaune a gidan gado, kamar da yawa daga cikinmu a cikin birni, wannan rangwamen ya wuce shi.

A kula, riba ake yi wa haraji, ba duk abin da ya faɗo asusu ba. Kuɗin data, man janareta na lokacin aiki, kason da Upwork ko Fiverr suka yanka, kuɗin manhajar da kake biya duk wata, kuɗin motar zuwa wurin mai aiki, ladan yaron da ya taya ka, duk ana fitar da su kafin a yi lissafi, in dai don aikin aka kashe su kuma akwai shaida. Kwamfuta da sola su ba a cire kuɗinsu a tashi ɗaya, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa ciki, komai yadda mutum ya so.

To in haraji ɗaya ne, me sunan kasuwanci ya ƙara? Ni abin da ya kai ni CAC wata ƙungiya ce mai zaman kanta da na yi wa fassarar littafin horaswa. Aiki ya yi kyau, aka zo biya, sai akantarsu ta ce tsarinsu ba ya tura kuɗi sama da wani adadi zuwa asusun mutum, sai na kasuwanci. Na yi sati shida ina zarya. Wannan shi ne amfanin sunan kasuwanci na farko kuma mafi girma: yana buɗe maka asusun banki da sunan harkarka, yana sa ofisoshin da ke tsoron masu binciken kuɗi su saki jiki su biya ka. Na biyu, yana tsare maka sunan, wani ba zai yi rajista da irinsa ba. Na uku ba a cika faɗarsa ba, amma a wurina ya kusa fin sauran: kuɗin aiki sun rabu da kuɗin gida. Ranar da za ka yi lissafin shekara, bayanin asusu ɗaya za ka buga, ba sai ka zauna kana tantance wanne ne kuɗin fassara wanne ne gudummawar biki da 'yar'uwa ta turo a ajiye mata ba.

Nauyinsa kuma ba shi da yawa. Duk shekara kafin 30 ga Yuni za ka miƙa wa CAC rahoton shekara, ban da shekarar da aka yi rajistar. In ka yi sakaci tara na taruwa, sunanka kuma a shafin hukumar ya koma cikin waɗanda ba sa aiki, kuma duk mai son ba ka kwangila yana iya dubawa ya gani cikin minti ɗaya. Wasu sana'o'in, irin masu ba da shawara da akantoci da dillalan gidaje, banki kan nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe asusun. Amma kada a ruɗe: sunan kasuwanci riga ce kawai ka sa. In aka bi harkar bashi, kai ake bi, har motarka da filinka. In ka rasu, harkar ta tsaya, abin da ke asusun ya shiga gado.

Kamfani shi ne inda magana ta yi tsawo, don nan ne ake yawan faɗawa rami. Kafin 2020 sai mutum biyu ake kafa kamfani, shi ya sa za ka ga an sa sunan mata ko ƙane a takarda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Yanzu mutum ɗaya ya isa, da jarin hannun jari da bai gaza naira 100,000 ba. Dokar ta kuma sauƙaƙa wa ƙaramin kamfani: ba dole ya naɗa sakatare ba, ba dole ya yi babban taron shekara ba. Abin da kamfani ke ba ka wanda sauran biyun ba su da shi shi ne katanga tsakaninka da bashin harka. Kamfani mutum ne a idon doka, shi ke cin bashi, shi ake kai wa ƙara, asararka ta tsaya a kan abin da ka zuba. Sai dai katangar tana da ƙofofi. Banki ba zai ba ƙaramin kamfani rance ba sai darakta ya tsaya da kansa, in kuma ka tsaya to katangar ta faɗi a wannan bashin. Zamba ma ba ta ɓuya a bayan kamfani.

Sai zancen sisi ba a biya, wanda ya taso da ƙanena. Gaskiya ne sabuwar doka ta ɗauke wa ƙaramin kamfani harajin riba gaba ɗaya, har da harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin ɗari da manya ke biya. Kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce iyakar da doka ta yanka ba, kadarorinsa kuma ba su wuce naira miliyan 250 ba, ta fuskar girma ya shiga ma'aunin, kuma kusan duk mai aikin ƙashin kansa a nan yake. Abin da masu yaɗa zancen a ɗan gajeren bidiyo ba sa karantowa shi ne jelar jimlar. Dokar ta ce harkar da ke sayar da aikin ƙwararru ba za a lissafa ta cikin ƙananan kamfanoni ba, komai ƙanƙantar cinikinta. Ta kuma bayyana aikin ƙwararru da cewa wanda ke buƙatar ilimi da ƙwarewa da shaidar karatu na musamman, ta ambaci ba da shawara da tsarawa da ayyukan tallafi, ta fitar da masu sana'ar hannu. Lauya da akanta da injiniya da mai ba da shawara ba su da ta cewa, suna ciki. Tela da kafinta da mai walda suna waje. Mai gina manhaja, mai fassara, mai zane a kwamfuta, mai kula wa kamfanoni da shafukan sada zumunta, su ne a tsakiya, kuma wanda zai fara yanke hukunci a kansu jami'in NRS ne, ba ejan ɗin da ya karɓi kuɗin rajista ya yi gaba ba. In aka ce kai ƙwararre ne, harajin kamfaninka kashi 30 cikin ɗari ne na riba, ga kashi 4 ɗin can a kai.

Da na ga bayani ba ya shigarsa sai na jawo takarda muka yi lissafi. Mu ɗauka miliyan 12 ta shigo maka a shekara, ka kashe miliyan 2.4 a kan aikin, riba ta tsaya miliyan 9.6. Kana biyan hayar miliyan 1, an cire maka 200,000, saura miliyan 9.4. Da sunanka ko da sunan kasuwanci, 800,000 na farko kyauta, miliyan 2.2 na biye su ba da 330,000, ragowar miliyan 6.4 a kashi 18 su ba da 1,152,000. Jimla naira 1,482,000, wato kashi 15 da ɗoriya na ribarka. Ya rage maka 8,118,000.

Yanzu a zuba wannan ribar a kamfanin da aka lissafa cikin masu aikin ƙwararru, mai shi bai yanka wa kansa albashi ba. Kashi 30 ya ci 2,880,000, kashi 4 ya ci 384,000, saura 6,336,000. Kuma wannan saura ba naka ba ne tukuna, na kamfani ne. Kafin ya shigo aljihunka a matsayin ribar hannun jari sai an cire kashi 10, wato 633,600. Abin da ya iso hannunka 5,702,400. Ka ga an gudu ba a tsira ba, an ma ƙara da asarar sama da miliyan 2.4. Mai wayo zai ce to sai in biya kaina ribar duka a matsayin albashi, kamfani ya tashi babu riba. Ana yin haka, amma albashin nan harajin ɗaiɗaikun mutane zai hau kansa daidai da lissafin farko, sai dai yanzu kai ne ma'aikaci kai ne mai ɗaukar aiki: duk wata ka cire harajin albashinka ka tura wa jiha kafin 10 ga watan da ke biye, duk Janairu ka miƙa rahoton ma'aikata. Ka dawo inda ka taso, da ƙarin takardu a ka.

In kuwa aka yarda kamfaninka ƙarami ne, nan kam akwai riba. Babu harajin kamfani, kashi 10 na ribar hannun jari kawai, 960,000 a kan miliyan 9.6. Ka tsira da 522,000 in aka gwada da lissafin farko. Daga ciki sai ka fitar da ladan akanta da kuɗin rahotanni, abin da ya rage shi ne ainihin ribar dabarar. Ga wanda ribarsa ta shekara miliyan 3 ce kuwa, zancen ma bai taso ba: harajinsa da sunansa 330,000 ne, ta kamfani 300,000, bambancin ko ladan akanta na wata biyu bai kai ba. Mai ribar miliyan 1.5 naira 105,000 kawai zai biya da sunansa, ƙasa da abin da kashi 10 zai ci.

Akwai kuma wahalar da ba ta fitowa a lissafi. Sifili a haraji ba ya nufin sifili a takarda. Kamfani, ko ya yi ciniki ko bai yi ba, dole ya miƙa wa NRS bayanan kuɗinsa cikin wata shida bayan rufe shekararsa, sabo kuma cikin wata 18 da kafuwa ko wata shida bayan shekararsa ta farko, duk wanda ya riga zuwa. Rashin miƙawa tararsa naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Ga rahoton CAC shi ma yana jira. Na san mutane da dama da suka buɗe kamfani don wata kwangila guda da ba ta ma samu ba, takardar na cikin durowa shekara biyar, ranar da suka tashi amfani da ita suka tarar da tara ta fi kuɗin rajistar nesa ba kusa ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Rufe kamfani bisa ƙa'ida ya fi buɗe shi wuya da tsada, CAC kuma ta sha fitar da jerin dubban kamfanonin da za ta soke saboda sun shekara goma ba rahoto.

Wani abin da ke ba mutanenmu wahala shi ne ɗabi'a. Mun saba kuɗin shago kuɗin maigida ne, in an aiko daga gida babu gas sai a zaro a bayar. A kamfani duk naira da ta fita sai an san sunanta: albashi ce, ribar hannun jari ce, ko rance ne darakta ya ci. Wanda ya san ba zai iya wannan tsaron ba, kamfani zai zame masa alaƙaƙai, akantansa kuma ya riƙa ƙirƙiro bayani a ƙarshen shekara, wanda shi ma wani laifin ne.

Harajin da ake cirewa tun daga tushe ya shafi duka ukun, kuma shi ya fara koya mini hankali. Na taɓa aika wa wani ofis takardar neman biya ta 500,000, alat ya shigo 475,000. Raina ya ɓaci, na kira ina faɗa, a zatona wani ne ya ci kason sa. Mai kuɗin ya bari na gama, ya ce, "Malam, ai naka ne, gwamnati muka ajiye maka." Ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025 ta sa kashi 5 cikin ɗari a kan ladan aikin ƙwararru da na ba da shawara ga mazauna ƙasa, wanda ba shi da lambar haraji kuma a ninka masa, ya zama 50,000 ke nan a wannan aikin. Wannan kuɗi ba ƙarin haraji ba ne, kafin alƙalami ne, ana rage shi daga abin da za ka biya a ƙarshen shekara. Amma sai ka karɓi shaidar cewa an tura shi da sunanka da lambarka. Shekara biyu ina barin nawa a baya don ban san ana tambaya ba. Na mutum da na mai sunan kasuwanci jiha ake tura wa, na kamfani kuma NRS, don haka in ka sauya daga wannan zuwa wancan ka sanar da masu biyanka, kada su ci gaba da zuba maka ruwa a tulun da ba naka ba. Lambar harajin kanta yanzu ta yi sauƙi, an ɗaure ta mutum da lambarsa ta NIN, ta kamfani da lambar rajistarsa.

VAT, harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya da ayyuka, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, shi ba daga aljihunka yake fita ba. Kana ɗora shi a kan kuɗin aiki, ka karɓa, ka miƙa wa NRS kafin 21 ga watan da ke biye, ko da kuwa da sunan kasuwanci kake aiki. An ɗauke wa ƙananan harkoki wannan nauyi, amma jelar nan ta aikin ƙwararru ta biyo har nan. Aikin da aka yi wa wanda ke wajen ƙasa kuwa VAT ɗinsa sifili ne, abin da ya yi wa masu Upwork daɗi.

Tunda an zo kan masu karɓar dala, a nan ma akwai ruɗu. Wasu na ganin tunda kuɗin daga Amurka ya taso, ya bi ta Payoneer ya sauka a asusun dala, babu ruwan Najeriya da shi. Mazaunin Najeriya ana yi masa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito, balle aikin da a kan tabarmarka a Kano ka yi shi. Fom ɗin W-8BEN da waɗannan shafuka ke sa ka cike, shaida ce ga hukumar harajin Amurka cewa kai ba nasu ba ne, bai wanke ka a gida ba. Kuma Baturen da ke neman mai zana masa tambari bai damu da RC ko BN ba, aikinka da taurarin da aka ba ka yake dubawa. Wanda duk masu ba shi aiki a waje suke, shi ne ya fi kowa rashin buƙatar kamfani. Abin da yake buƙata littafi ne da zai riƙa rubuta ranar da kuɗi ya shigo, dala nawa, da nawa ya canza. Doka na son a adana irin waɗannan bayanai shekara shida, wanda kuma ba shi da su jami'i ne zai yi masa ƙiyasi, ƙiyasin jami'i kuwa ba ya faɗuwa ƙasa. Wani abokina yakan ce shi ai yana fitar da zakka, me kuma ake nema. Zakka haƙƙin Allah ce da na mabuƙata, ba ta sauke na hukuma, kamar yadda rasit ɗin KIRS ba ya sauke zakka.

To yaushe kamfani ke zama dole? In harkarka ta karkata ga kwangilar gwamnati ko ta manyan kamfanoni, inda ake neman takardar CAC da shaidar biyan haraji ta shekara uku, a matakin tarayya har da takardun hukumar fansho ta PenCom da asusun horas da ma'aikata na ITF da asusun inshorar ma'aikata na NSITF. A nan ba a fafe gora ranar tafiya, kamfanin da aka kafa jiya ba shi da tarihin da zai nuna. Haka in za ka haɗa jari da wani, don hannun jari ya fi "mun yarda da juna" saurin raba gardama, kuma in ɗaya ya rasu kasonsa ne ke shiga gado, harkar ta ci gaba. Haka in aikinka na iya jawo asarar da ta fi ƙarfinka, kamar mai gina manhajar da kuɗin jama'a ke bi ta cikinta. Haka kuma in ka daina zama kai kaɗai, ka ɗauki ma'aikata, riba ta fara yawan da ba ka cinye ta, kana barin ta a harka tana juyawa. Wanda bai kai ko ɗaya cikin waɗannan ba, ni a ganina sunan kasuwanci ya ishe shi, in ma masu biyansa ɗaiɗaikun mutane ne ko 'yan waje, sunansa na yanka da lambar haraji da asusu na daban sun wadatar. Daga sunan kasuwanci ana iya hawa zuwa kamfani duk ranar da buƙata ta zo. Saukowa ce ke da wuya. Wanda kuma sana'arsa ke tsakiyar nan, kuma ribarsa ta kai inda sifilin zai yi masa amfani na gaske, ya biya akanta ko masanin haraji mai lasisi kuɗin zama ɗaya, ya nemi amsar a rubuce kafin ya biya kuɗin rajista.

Ƙanen nawa dai da muka buga bayanin asusunsa na bara, muka ware kuɗin adashi da na wata mota da ya sayar wa abokinsa, abin da ya shigo daga aiki bai kai rabin abin da yake faɗa da baki ba. Kashi biyu cikin uku na masu biyansa a waje suke, sauran wasu shaguna ne da wata makaranta mai zaman kanta da ta daɗe tana neman ya kawo asusun kasuwanci. Ya yi rajistar sunan kasuwanci da kansa a shafin CAC, bai bi ta ejan ba, ya buɗe asusu, ya sayi littafi mai bangon kwali na lissafi. Inda muka tsaya da shi yanzu gardamar data ce: layi ɗaya yake aiki da shi yake kuma kallon ƙwallo, yana so ya rubuta kuɗin duka a kan aiki, ni kuma na ce ya sayi layi na biyu.